An gwada a jikin namiji, an rubuta wa mace

A 1982 aka fara wani babban gwaji a Amurka don a gano ko ƙwayar asfirin na hana bugun zuciya. Mutum 22,071 aka ɗiba, dukkansu likitoci, kuma ko mace ɗaya babu a cikinsu. Tun wa'adi bai cika ba aka tsayar da wannan ɓangare na gwajin, domin amfanin ya riga ya fito fili: haɗarin bugun zuciya na farko ya ragu da kashi 44 cikin 100 ga masu shan ƙwayar. Labari ya bazu, mata suka shiga haɗiya tare da maza, bisa zaton jiki duk jiki ne.

Sai a 2005 aka fitar da sakamakon irin wannan gwaji a kan mata 39,876 da aka bibiya kusan shekara 10. Asfirin bai rage musu bugun zuciya yadda za a ce a zo a gani ba, in ban da waɗanda suka kai shekara 65. A ƙwaƙwalwa ya yi musu aiki: ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 17 cikin 100, abin da ba a gani ba a gwajin maza. Adadin da aka ba matan bai kai na mazan ba, don haka ba za a jingina bambancin gaba ɗaya ga jinsi ba, kuma kada wani ya karanta wannan ya fara shan asfirin da ka, domin yana jawo zubar jini a ciki. Tazarar nake so a duba. Shekara 16 aka yi tsakanin cikakkiyar amsar maza da ta mata, a kan ƙwayar da babu kantin maganin da ba a samun ta.

Abin da na yi imani da shi ke nan: cire mata daga bincike bai taɓa tsame su daga gwaji ba. Wuri kawai gwajin ya sauya. Ya bar ɗakin bincike, inda ake neman yardar mutum, a auna shi, a rubuta duk abin da ya same shi, ya koma asibiti da gida, inda kowace mace ke gwada maganin a jikinta ita kaɗai, ba mai rubuta sakamako. A lafiyar ƙwaƙwalwa ne kuma wannan bashi ya fi taruwa. Kusan biyu cikin uku na masu cutar Alzheimer, wato nau'in cutar mantuwa da ya fi yawa, a Amurka mata ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 65 cikin 100 na waɗanda cutar mantuwa ke kashewa mata ne, kuma su ne ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu cutar. Ciwon ɓarin kai ya fi kama mata ninki uku. Ciwon damuwa ma ya fi yawa a cikinsu.

Ba da mugun nufi aka faro ba, shi ya sa ma gyaran ya yi wuya. A 1957 aka fito da maganin talidomaid a Jamus ta Yamma, ana shan sa don barci, masu ciki kuma don laulayi. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 a ƙasashe daban-daban da hannuwa ko ƙafafu a nakashe. Amurka ta sha da ƙyar, saboda wata ma'aikaciyar hukumar abinci da magunguna ta FDA, Dakta Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu, tana cewa hujjojin da kamfanin ya kawo ba su gamsar da ita ba. Darasin a sarari yake: an sayar wa masu ciki maganin da ba a binciki illarsa ga ɗan tayi ba, to a ƙara bincike. Amma sai aka ɗauki hanyar da ta fi sauƙi. A 1977 FDA ta fitar da ƙa'idar cewa kada a sa duk macen da za ta iya ɗaukar ciki a matakan farko na gwajin magani. Ƙa'idar ta haɗa har da mai shan maganin tazarar haihuwa, da wadda aka yi wa mijinta aikin hana haihuwa. Kamfanoni kuwa, da ma tsoron kotu da diyya suke yi, suka ja igiyar fiye da inda aka ce a tsaya.

An gudu gara, an faɗa zago. Mai farfaɗiya ba ta daina faɗuwa don ta samu juna biyu, dole ta sha wani abu. Maganin farfaɗiyar nan da ake sayarwa da sunan Depakine ko Epilim ya shiga kasuwa a Faransa a 1967, kuma magani ne mai aiki, ba wanda ya musa. Yau an tabbatar cewa kusan jariri 1 cikin 10 da uwarsa ta sha shi tana da ciki ana haifarsa da nakasa a jiki, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma su taso da matsalar magana, ko ta koyo, ko ta mu'amala. Alamun sun fara bayyana tun farkon shekarun 1980, amma sai a 2018 Turai ta kafa tsattsauran sharaɗi a kan ba wa matan da ke shekarun haihuwa. A 2020 kwamitin da Baroness Cumberlege ta jagoranta a Ingila ya ji ta bakin iyaye mata da suka ce ba wanda ya taɓa gargaɗinsu, kuma da suka kai kuka ba a saurare su ba. Waɗannan matan su ne gwajin da aka ce ana kare su daga gare shi. Ba a dai nemi yardarsu ba, kuma shekaru suka shuɗe kafin wani ya zauna ya ƙirga 'ya'yansu.

Wani lokacin kuma maganin na nan, yana aiki, rashin gwajin ne ke hana shi isa ga masu buƙata. Jijjigar haihuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa: jini ya hau, jijiyoyin kai su kasa riƙe shi, mace ta kama fizge-fizge, wata ta tafi ke nan. Tun shekarun 1920 likitoci a Amurka ke amfani da magniziyom salfet a kanta, a Ingila da wasu ƙasashe kuma aka fi yarda da magungunan farfaɗiya da na sa barci. Kowane ɓangare ya riƙe abin da malamansa suka koya masa. Sai a 1995 wani babban gwaji ya raba gardama, ya nuna magniziyom ne a gaba. A 2002 gwajin Magpie, da ya haɗa mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin jijjigar da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Shekara 70 ana musu a kan abin da gwaji ɗaya ya warware. Maganin ba shi da tsada, ba kamfanin da zai yi arziki da shi, masu mutuwar kuma yawancinsu matan talakawa ne. Na bar wa mai karatu ya haɗa lissafin.

Kafin a kai ga mutum ana farawa da ɓera, kuma can ma namiji ake ɗauka. A 2011 Annaliese Beery da Irving Zucker suka duba takardun binciken da aka wallafa a fannoni goma. Fannin ƙwaƙwalwa ne ya fi kowanne karkata: duk bincike ɗaya da aka yi da dabbobi mata zalla, akwai biyar da rabi na maza zalla. Dalilin da ake bayarwa shi ne wai zagayowar sinadaran jikin ta-mace na dagula sakamako. A 2014 aka tattara takardu kusan 300 don a auna wannan magana, sai aka tarar ɓeraye mata ba su fi maza sauye-sauye ba. A wasu ma'aunan ma mazan ne suka fi, musamman in an tara su keji ɗaya suna rikicin neman girma. Da ma hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. In sinadaran jikin mace na sauya aikin magani har ya ɓata lissafi, to ai babu abin da ya fi shi cancantar bincike, tunda mata za su sha maganin. In kuwa ba sa sauyawa, me ya hana a sa su? A 2015 masu binciken zafin ciwo a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa wasu ƙwayoyin garkuwa da ke cikin laka, waɗanda aka daɗe ana ɗauka su ne ginshiƙin ciwo mai naci, a jikin ɓera namiji suke wannan aiki. Ta-macen da wata hanya daban take bi. Duk wanda ya gina magani a kan hanyar farko, ya gina wa rabin masu ciwo ne.

Za a ce ai an gyara. An gyara wani abu, gaskiya ne. A 1993 majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta sa mata a duk gwajin da cibiyar binciken lafiya ta NIH ta biya kuɗinsa, FDA ma ta janye ƙa'idarta ta 1977. Daga 2016 NIH ta ce ko da dabba za a yi bincike, sai an yi la'akari da jinsi. Amma shigar da mace cikin gwaji daban, duba abin da ya same ta daban. A 2020 aka sake irin ƙidayar Beery da Zucker. Takardun da suka haɗa jinsi biyu sun tashi daga kashi 28 cikin 100 a 2009 zuwa 49 a 2019. A cikinsu kuwa, waɗanda suka ware sakamakon maza da na mata sun sauka daga kashi 50 zuwa 42. An shigo da matan, an zuba lambobinsu cikin na maza, an fitar da matsakaici.

Ga abin da hakan ke haifarwa. A 2022 aka fitar da sakamakon gwajin sabon maganin Alzheimer da ake sayarwa da sunan Leqembi, a kan mutum 1,795, fiye da rabinsu mata. Kanun labarai suka ce yana rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin 100. A can cikin ƙarin bayanan da aka maƙala wa takardar, an ga kashi 43 ga maza, kashi 12 ga mata. Ba a tsara gwajin don amsa wannan tambaya ba, saboda haka ba hujja ba ce cewa maganin ba ya yi wa mata aiki. Tana iya yiwuwa dace ne kawai na lissafi. To amma abin ƙorafin ke nan. Cutar da biyu bisa ukun masu ita mata ne, an kashe dukiya mai yawa wajen gwada maganinta, ba a kuma tsara gwajin yadda zai faɗa mana ko yana yi wa mata aiki daidai da maza ba.

Cutar Alzheimer ɗin kanta, mace ce farkon wadda aka gano tana da ita: Auguste Deter, mai shekara 51, da Alois Alzheimer ya fara dubawa a Frankfurt a 1901. Duk da haka an shafe shekaru ana rufe bakin duk wanda ya tambayi dalilin da ya sa mata suka fi yawa da amsa ɗaya, cewa sun fi maza tsawon rai. Amsar tana da gaskiya, mai yawa ma. Tsufa ne babban sanadin cutar, mata kuma sun fi kaiwa 80 da 90. Akwai ma bincike da dama, musamman a Amurka, da suka nuna in an jera namiji da mace masu shekaru ɗaya, haɗarin sabon kamu kusan ɗaya ne. Illar amsar ita ce yadda aka mayar da ita murfi. Ko da adadin iri ɗaya ne, hanyar da cutar ke bi a jikin mace na iya bambanta, kuma alamu na cewa ta bambanta.

Ƙwayar gadon nan ta APOE4, wadda ita ce mafi ƙarfi cikin sanannun abubuwan gado da ke kusantar da mutum ga cutar a tsufa, ta fi ƙara wa mata haɗari, musamman tsakanin shekara 65 da 75. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa in dattin furotin ɗin da ake kira amiloyid ya taru a ƙwaƙwalwa, mata sun fi tara ɗayan gurɓataccen furotin ɗin, wato tau, wanda shi ne ya fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mantuwa. Binciken asibitin Mayo na 2007 ya gano cewa matan da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai tun al'adarsu ba ta ɗauke ba sun fi fuskantar rikicewar tunani daga baya, kuma gwargwadon ƙuruciyar mace lokacin aikin, gwargwadon haɗarin. Sai kuma wanda ya fi ba ni takaici, domin gyaransa ba ya cin kuɗi. A matsakaici mata sun fi maza riƙe kalmomi, yawancin gwajin farko na mantuwa kuwa jerin kalmomi ne ake karanta wa mutum ya maimaita. In makin cin gwajin ɗaya ne ga kowa, mace za ta haye alhali cutar ta riga ta yi mata nisa, a sallame ta a ce lafiya lau. Ranar da ta faɗi gwajin, lokacin da magani zai fi amfani ya wuce. Baiwarta ce ta ɓoye ciwonta, ma'aunin kuma ba a yi shi don ya gano hakan ba.

Wani giɓin ya fi wannan faɗi, domin shi ba batun kwatanta mace da namiji ba ne. Akwai abubuwan da namiji ba ya yi sam: al'ada, ciki, jego, shan ƙwayar tazarar haihuwa, ɗaukewar al'ada. Emily Jacobs ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta ƙiyasta cewa cikin takardu sama da 50,000 da aka wallafa a kan hoton ƙwaƙwalwar ɗan Adam tun shekarun 1990, waɗanda suka duba irin waɗannan abubuwa ba su kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Ana haihuwar jarirai kimanin miliyan 130 a duniya duk shekara, amma sai a ƙarshen 2016 Elseline Hoekzema da abokan aikinta a Basalona suka wallafa hotunan ƙwaƙwalwar mata 25 kafin cikin fari da bayansa. Sun ga wasu sassa, waɗanda ke aikin fahimtar abin da ke zuciyar wani, sun tsuke, kuma sauyin na nan bayan shekara biyu. Ya fito sosai har kwamfuta kan ware wadda ta yi ciki daga wadda ba ta yi ba da hoton kaɗai. Masu binciken ba su ɗauki tsukewar a matsayin lalacewa ba. Sun fi kwatanta ta da gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta lokacin balaga. A 2024 aka wallafa taswirar farko da ta bi ƙwaƙwalwa tun kafin ciki har shekara biyu bayan haihuwa, hoto 26, duka na mace ɗaya, ita ma masaniyar ƙwaƙwalwa ce da ta ba da kanta. Aiki ne mai kyau, amma a ce a 2024 mace ɗaya ce taswirarmu, wannan abin kunya ne ga fannin. Fiye da mace 1 cikin 10 na fama da ciwon damuwa lokacin ciki ko jego, kuma sai a watan Agustan 2023 aka amince da ƙwaya ta farko da aka yi musamman don damuwar bayan haihuwa.

Ɗaukewar al'ada, wadda kan zo tsakanin shekara 45 da 55, an daɗe ana kallon ta a matsayin lamarin mahaifa, a tura mace wurin likitan mata a rufe magana. Alhali zafin da ke taso wa mace ba gaira ba dalili, da gumin dare, da rashin barci, da mantuwar sunan abin da ke hannunta, duk daga kai suke fitowa. Sinadarin istirojin yana da mazauni a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da zafin jiki, barci da tunawa. In ya ja baya, sai sun sake saiti. Ga mafi yawan mata hazon kan washe bayan an tsallake wannan zango, kuma ko wannan bayani kaɗai zai kwantar wa mace da hankali in da ana gaya mata. Farkon shekarun 1990 wata likita a Jami'ar Arizona, Naomi Rance, ta lura a gawawwakin matan da al'adarsu ta ɗauke cewa wasu ƙwayoyin jijiya a can tsakiyar ƙwaƙwalwa sun kumbura. Ta bi diddiginsu shekara da shekaru, aka gano su ne ke kunna wannan zafi. A 2023 aka amince da Veozah, maganin da ke toshe saƙonsu ba tare da istirojin ba, ko da yake sai ana lura da hanta. Mutum ɗaya ta tsaya ta duba inda wasu ba su ga abin dubawa ba, magani ya fito.

A gefe guda kuma ga labarin maganin maye gurbin sinadaran da ke ja baya in al'ada ta ɗauke. A 2002 aka tsayar da wani ɓangare na babban gwajin WHI a Amurka, mai mata 16,608, saboda ƙaruwar sankarar mama da matsalolin zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2003 reshen gwajin da ya duba mantuwa ya nuna haɗarin cutar ya ninka ga masu shan maganin. Mata suka watsar da maganin, likitoci suka ji tsoron rubuta shi. Sai dai matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, na reshen mantuwar kuma duk sun kai 65, wato da yawansu sun fi shekara 10 da daina al'ada. An ɗauki amsar 'yar 70 an ba 'yar 50. Ƙananan gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan matan da suka fara sha da wuri ba su ga illa ga tunani ba, ba su kuma ga wata kariya ba. Saboda haka duk mai tallar wannan magani a matsayin rigakafin Alzheimer ya yi gaban hujja, haka ma mai hana mace shi alhali ta yi shekara ba ta barcin kirki.

Akwai masu adawa da duk wannan magana ta ƙwaƙwalwar mace, kuma ba zan yi musu kallon banza ba. Tarihi na bayansu. A ƙarni na 19 Paul Broca a Faransa ya auna ƙwaƙwalwar gawawwaki, ya ga ta mata ta fi ƙanƙanta, ya kafa hujja da hakan cewa hankalinsu bai kai na maza ba. Da irin wannan aka hana mata shiga jami'a. Gaskiyar ita ce ƙwaƙwalwar namiji ta fi girma da kusan kashi 11 cikin 100, kamar yadda jikinsa ya fi girma, kuma nazarin da Lise Eliot ta jagoranta a 2021 a kan binciken shekara 30 ya nuna cewa da zarar an cire batun girman, bambancin tsari kaɗan ne ƙwarai. Ko misalin da aka fi yawan kawowa yana da gardama. A 2013 FDA ta rage wa mata adadin maganin barci na Ambien daga miligiram 10 zuwa 5, bayan shekara 20 yana kasuwa, saboda yakan kwana a jininsu har su tuƙa mota da safe cikin magagi. Wasu masana sun ce nauyin jiki ne ya bayyana kaso mai yawa na bambancin, hukumar magunguna ta Turai ma ba ta raba adadin ba. Haka rahoton hukumar binciken kuɗin gwamnatin Amurka na 2001, wanda ya ce 8 cikin magunguna 10 da aka janye daga kasuwa tun 1997 sun fi cutar da mata: huɗu daga ciki don mata aka fi rubuta wa ne. Na yarda da duk wannan. Amma ta yaya aka san girman kai ne, ko nauyin jiki, ko yawan rubutawa? Da aka ware lambobin aka duba. Mai cewa babu bambanci da mai cewa akwai, dukansu tebur ɗaya suke buƙata, wanda ya ware lambobin maza da na mata, kuma shi ne yawancin takardu ba sa bugawa.

Ba kuma komai ne sinadari ba. Kwamitin mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, ciki har da ƙarancin ilimi, hawan jini, ciwon damuwa, gurɓatar iska da raunin kai. Tsofaffin matan yau, a ƙasashe da dama, 'yan matan da ba a sa makaranta ba ne shekara 60 da suka wuce. Kimanin mutum biliyan 2 ke girki da makamashi mai hayaƙi, kuma an san wanda ke zaune a gaban murhun. Raunin kai kuwa, an yi ta bincike a kan 'yan dambe, 'yan ƙwallon Amurka da sojoji, har aka tara ɗaruruwan ƙwaƙwalen mamata, kusan duka na maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka taɓa zama da namiji sun sha duka ko cin zarafi a hannunsa, kuma kai da fuska da wuya su ne inda hannu ya fi sauka. Tun 1990 Lancet ta buga labarin wata tsohuwa da mijinta ya shekara da shekaru yana dukanta, ta mutu da gigin tsufa, aka buɗe kanta aka ga irin ɓarnar da ake gani a kan 'yan dambe. Ɗan wasa in ya bugu akan fitar da shi fili, a auna shi, a ba shi hutu. Ita wannan ɗinki ake yi mata, a mayar da ita inda ta fito.

Kuɗi ne ke nuna abin da aka ɗauka da muhimmanci. A watan Disamban 2024 majalisar masanan kimiyya ta Amurka ta ba da rahoton cewa kashi 8.8 cikin 100 ne kacal na tallafin binciken NIH ya tafi ga lafiyar mata tsakanin 2013 da 2023, kuma NIH ita ce hukumar gwamnati mafi kashe kuɗi a kan binciken lafiya a duniya. Ɗan abin da ake yi ma, mafi yawansa a kan matan Turai da Amurka ne, alhali fiye da kashi 60 cikin 100 na masu cutar mantuwa suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.

Duk da haka ban yarda sai an samu biliyoyi za a fara ba. Mujallar kimiyya na iya mayar wa marubuci takardarsa in bai ware sakamakon maza da mata ba. Ƙa'idojin yin hakan na nan a rubuce tun 2016, aiwatarwa ce babu. Duk binciken da zai ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mace na iya tambayarta shekarun da ta fara al'ada, ciki nawa ta yi, ko jininta ya hau a wani cikin, ko an taɓa yi mata aiki a mara, yaushe al'adar ta ɗauke. Minti biyar ya isa. Likitan da ke duba 'yar shekara 50 ma ya kamata ya yi tambayar hawan jinin ciki, domin wadda ta yi fama da shi haɗarinta na shanyewar ɓarin jiki ya kusa ninkawa. Masu ciki kuwa, tunda ana ba su magunguna ko an gwada ko ba a gwada ba, mafi ƙarancin haƙƙinsu shi ne a buɗe rajista, a bibiye su da 'ya'yansu, kada a sake jiran shekara 50.

Hukumomin da ke ba magani lasisi su ma suna da abin yi tun yau. Bayanan kowane mutum da ya shiga gwaje-gwajen sababbin magungunan Alzheimer na hannun kamfanoni, ana iya tilasta musu su buɗe wa masu bincike masu zaman kansu, a haɗa su wuri ɗaya a ware na mata. Leqembi na jawo kumburin ƙwaƙwalwa ga kusan mutum 1 cikin 8 na masu karɓarsa, kuma a gwajin ta jijiya aka riƙa ɗura shi duk sati biyu. Macen da za ta ɗauki wannan kasada tana da haƙƙin sanin ko kashi 27 ake yi mata alkawari ko 12.